Rumbu Biyu, Saiti Ɗaya: Darasin Ranar da Kasuwar Tokyo Ta Kasa Buɗewa

Da ƙarfe 7:04 na safiyar Alhamis, 1 ga Oktoba, 2020, wani ɗan guntun ƙwaƙwalwar na'ura ya lalace a cikin rumbun ajiyar bayanai na kasuwar hannayen jari ta Tokyo. A ƙa'ida wannan bai isa ya zama labari ba. Sassan na'ura kan lalace kamar yadda ƙwan fitila kan ƙone, shi ya sa ma tun farko aka girka rumbun nan tare da abokin zamansa, na ɗaya da na biyu, domin idan wannan ya faɗi wancan ya karɓi aiki nan take. A ranar, na biyun bai karɓa ba. Lafiyarsa lau, yana kunne, amma ya yi zamansa.

Kafin ƙarfe 9, lokacin buɗe kasuwa, an riga an sanar da dakatar da ciniki. Kafin tsakar rana kuma aka ce ba za a buɗe ba sai washegari. Wannan ne karo na farko da kasuwar, wadda ke cikin mafiya girma a duniya, ta yi yini sukutum a rufe saboda matsalar na'ura tun da ta koma ciniki ta kwamfuta gaba ɗaya a 1999. Kasuwannin Nagoya da Sapporo da Fukuoka, waɗanda ke dogaro da tsarin na Tokyo, su ma suka tsaya cik. Bayan wata biyu, ranar 30 ga Nuwamba, shugaban kasuwar, Koichiro Miyahara, ya ajiye muƙaminsa.

Da aka bi diddigi sai aka tarar an kashe kuɗi yadda ya kamata, kayan aiki ma an saya da rara. Abin da ya kayar da kasuwar saiti ne ƙwaya ɗaya, wanda ma'anarsa ta sauya shekara biyar kafin nan ba tare da masu dogaro da shi sun sani ba.

Darasin da ke nan ya wuce Japan. Duk banki, asibiti, jami'a ko ma'aikatar da ta taɓa sa hannu a kan kwangilar tsarin kwamfuta da aka ce ba ya tsayawa, irin wannan alkawari ta saya. Ɗorewar aiki kuwa ba ta zuwa a cikin kwali. Sayen komai biyu-biyu mataki ne na farko kawai. Abin da ke hana aiki tsayawa shi ne yadda aka saita na'urorin su yi a lokacin da abu ya ɓaci, da kuma ko an taɓa ɓata shi da gangan don a ga abin da za su yi. Wannan nauyi yana wuyan wanda ya sa hannu a takarda kamar yadda yake wuyan injiniyan da ya jona wayoyi.

Yara biyu, littafi ɗaya

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da aka keɓe don yi wa wasu hidima. Ita ke amsawa idan an tura kuɗi ta waya, ko an nemi sakamakon jarrabawa, ko likita ya buɗe bayanan majiyyaci. Idan guda ɗaya ce, ranar da ta lalace aiki ya tsaya. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a haɗa biyu ko fiye su zama gungu, suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo a kai a kai, wanda injiniyoyi ke kira bugun zuciya. Idan bugun ɗaya ya ɗauke, sai abokiyarta ta karɓi ragama. Dabarar ta kwana biyu, domin tun 1983 kamfanin DEC na Amurka ya fito da VAXcluster, wanda ke haɗa kwamfutoci da dama a kan ma'ajiya guda.

Sai dai karɓar ragama ba ta da amfani idan bayanan suna cikin wadda ta mutu. A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai yara biyu a kanti. Idan kowannensu yana rubuta ciniki da bashi a ɗan littafinsa na aljihu, ranar da ɗaya ya kwanta ciwo ya tafi gida da rabin lissafin. Mai dabara sai ya ajiye babban littafi guda a kan tebur, duk wanda ke bakin aiki a ciki zai rubuta. Wannan littafin shi ne rumbun tarayya: babban akwati cike da fayafan ajiya, a wajen sabobin, wanda dukkansu ke iya kaiwa gare shi.

Hanyoyin kaiwa gare shi manya guda biyu ne. A ta farko, wadda ake kira SAN, rumbun ke yanka wani yanki ya miƙa wa saba tamkar faifai ne a cikinta, ta layin Fibre Channel na musamman ko ta iSCSI wadda ke bin layin sadarwa na yau da kullum. A ta biyu, wato NAS, rumbun ne ke riƙe da fayiloli da kansa, sabobi suna neman su da suna ta hanyar NFS ko SMB. Na Tokyo irin na biyun ne, kuma a cikinsa ake ajiye bayanan da sassan tsarin ciniki ke tarayya a kansu.

Masu sayar da irin waɗannan kaya suna auna alkawarinsu da lambar tara. Kashi 99.9 cikin ɗari na nufin aiki zai iya tsayawa na kusan awa 9 a shekara. Kashi 99.99 na nufin kimanin minti 53. Kashi 99.999 kuwa minti 5 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Lissafi ne mai daɗin gani a takardar kwangila, amma ya ginu ne a kan zaton cewa idan sashe ya lalace madadinsa zai tashi. Ranar da zaton ya ƙi, tara-taran nan ba su da wani tasiri.

Inda haɗarin ya koma

Ɗan kasuwar da ya haɗa lissafi a littafi guda ya magance ciwon yaro, amma ya haifi wata fargabar. Yanzu idan ruwa ya ci littafin, lafiyar yaran biyu ba za ta amfane shi da komai ba. Haka rumbun tarayya yake. Ya kwashe haɗarin da ke warwatse a sabobi ya tara shi wuri guda.

Shi ya sa saita shi ke buƙatar a bi kowace gaɓa tsakanin saba da faifai a ninka ta. Kowace saba tana buƙatar ƙofar fita biyu. Kowace ƙofa ta bi ta mahaɗar layi daban, mahaɗun kuma kada su sha wuta daga tushe guda. Rumbun da kansa yana da na'urar sarrafawa biyu, fayafansa kuma a jere suke bisa tsarin RAID, wanda masana uku na jami'ar Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, suka bayyana a 1988, ta yadda mutuwar faifai ɗaya ba za ta ci bayanai ba. A cikin sabar akwai manhajar da aikinta shi ne ta gane cewa hanyoyin nan duk wuri ɗaya suke kaiwa, ta bar wadda ta toshe ta bi ɗayar. Bayan haka sai a shata iyaka, a ƙayyade wace saba ce ke da izinin ganin wane yanki na rumbun, domin baƙuwar saba da ta ga yankin da ba nata ba tana iya ɗaukarsa faifai ne fanko ta rubuta a kai.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yanke shawara ne, kuma kowace shawara tana da farashi. Hukumar tara haraji ta Ostireliya ta koyi wannan a ranar 12 ga Disamba, 2016, lokacin da rumbunta ƙirar 3PAR na kamfanin HPE ya tsaya, ya ja shafin hukumar da hidimominta na intanet suka ɗauke na kwanaki. A farkon Fabrairun 2017 abin ya sake faruwa ana tsakiyar gyara. Rahoton da hukumar ta fitar daga baya ya ambaci wayoyin gilashi da suka sha wahala da kuma kurakuran manhajar fayafai. Amma abubuwa uku da ya lissafa sun fi waɗannan zafi. An tsara rumbun ne ana fifita sauri a kan juriya. Na'urar ta yi watanni tana ba da alamun matsala kafin ta faɗi. Sannan wasu daga cikin kayan aikin da ake buƙata don farfaɗo da tsarin a cikin rumbun da ya mutu aka ajiye su. An kulle ɗaki ke nan da makullin a ciki.

Nan ne kuma ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Ninka na'ura daban, ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. Rumbu mai na'urar sarrafawa biyu zai ci gaba da aiki idan ɗaya ta ƙone, amma idan ma'aikaci ya goge bayanai bisa kuskure, ko manhajar masu garkuwa da bayanai ta kulle su, rumbun zai aiwatar da ɓarnar cikin biyayya da sauri, duk sabobin gungun kuma su ga abu guda. Abin da ke ceto a ranar shi ne kwafin da ke nesa, wanda ba a haɗe yake da rumbun ba, wanda kuma aka taɓa gwada dawo da shi.

Rabuwar kai

Akwai haɗarin da ya fi mutuwar rumbu muni, wato a samu alƙalami biyu a shafi ɗaya. A ce layin da bugun zuciya ke bi ya yanke, alhali sabobin biyu duk lafiyarsu ƙalau. Kowacce za ta daina jin 'yar'uwarta, kowacce ta yanke hukuncin cewa ɗayar ta mutu, kowacce ta miƙa hannu ta ɗauki ragama. Daga ciki babu yadda saba za ta bambanta abokiyar da ta mutu da wadda kawai ba a jin muryarta.

Tsarin jera fayil na yau da kullum, irin su ext4 da XFS, an gina su ne bisa zaton cewa kwamfuta ɗaya ce ke rubutu. Kowace saba tana riƙe da taswirar faifan a ƙwaƙwalwarta. Idan biyu suka rubuta a lokaci guda, wannan za ta zuba bayanai a gurbin da waccan ta riga ta cika, ba tare da ko ɗaya ta ga kuskure ba. Akwai tsare-tsaren da aka ƙera musamman don rubutun tarayya, kamar GFS2 da OCFS2 da VMFS, amma su ma da sharaɗin sabobin suna jin juna suna karɓar izini kafin rubutu. Aikin da ya tsaya ana iya tayar da shi cikin awa ɗaya. Lissafin da ya cakuɗe a ɓoye yana iya yin makonni ana gina wani a kansa kafin a farga.

Matakan kariya biyu ne. Na farko shi ne rinjaye: gungu ba ya aiki sai ɓangaren da ke da fiye da rabin ƙuri'u. A gungu mai saba uku, biyun da ke jin juna su ci gaba, ɗayar da ta ware ta janye. A mai saba biyu kuwa ƙuri'a ɗaya ce da ɗaya, don haka sai an kawo mai raba gardama, wato ƙaramar na'ura ta uku ko wani ɗan yanki na rumbun da ke zama shaida. Na biyu shi ne katangewa. Kafin saba ta karɓi ragama, dole ta tabbatar ɗayar ba za ta ƙara iya rubutu ba, ko dai ta sa rumbun ya rufe mata ƙofa ta hanyar tanadin da ke cikin ƙa'idar SCSI-3, ko ta yanke mata wuta gaba ɗaya. A duniyar Linux, inda manhajojin Pacemaker da Corosync ke kula da gungu, ana kiran wannan yanke wutar STONITH, sunan da ma'anarsa ita ce a harbe ɗaya na'urar a ka.

Wannan shi ne sashen da mutane suka fi ƙi. Shugaban da ya biya kuɗin saba biyu ba ya son jin cewa tsarin zai kashe lafiyayyar saba da kansa. Injiniyan da aka tasa cikin dare sau biyu saboda katangewar da ta zo babu dalili yakan ji sha'awar kashe ta ya huta. Kuma ƙorafinsu yana da tushe. A ranar 22 ga Disamba, 2012, ana sabunta manhajar mahaɗun layi a kamfanin GitHub sai sadarwa ta daskare na ɗan lokaci. Sabobin ajiyar fayil na kamfanin suna zaune ne biyu-biyu, kowacce tana kwafa wa abokiyarta. Da bugun zuciya ya ɗauke sai suka shiga aika wa juna umarnin kisa, wasu umarnin ba su isa ba, da layi ya dawo kuma aka samu tagwayen da suka kashe juna duka biyun. An yi sa'o'i ana tayar da su ɗaya bayan ɗaya.

To amma abin lura shi ne abin da kamfanin ya yi asara lokaci ne. Tsarin ya zaɓi ya kwanta a kan ya ci gaba da rubutu cikin ruɗani, kuma zaɓin daidai ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gyaran da irin wannan lamari ke nema shi ne a daidaita lokutan jira, a bai wa bugun zuciya hanya fiye da ɗaya, a kuma dakatar da karɓar ragama ta atomatik yayin da ake taɓa layin sadarwa. Lokutan jiran nan su ne zuciyar saitin. Idan gungu ya fi manhajar sauya hanya gajen haƙuri, zai harbe sabar da saura daƙiƙa kaɗan ta samu hanyarta ta biyu. Idan kuma ya cika haƙuri, jama'a na tsaye a layi yana jiran gawa ta yi magana. Babu lambar da ta dace da kowa. Sai an auna a kan na'urorin da ke ƙasa.

Kalmar da ta sauya ma'ana

A koma Tokyo. Tsarin cinikin kasuwar, mai suna arrowhead, kamfanin Fujitsu ne ya gina shi, ya fara aiki a Janairun 2010, kuma taken da aka yi masa shi ne ba ya tsayawa. A rumbun nasa akwai wani saiti da ke faɗa wa na biyu abin da zai yi idan na ɗaya ya rikice. A ƙirar farko, ko an bar saitin a kashe, na biyun zai jira daƙiƙa 15 sannan ya karɓa. Da aka sabunta tsarin a 2015, sabuwar ƙirar rumbun ta zo da wata ɗabi'a: a kashe yanzu na nufin kada a karɓa ko kaɗan a irin wannan yanayi. Littafin jagorar da Fujitsu ya bayar bai nuna sauyin ba. Aka bar saitin yadda aka gada, aka sake sabunta tsarin a 2019 yana nan yadda yake. Kiɗa ya sauya, masu rawa ba su ji ba.

An gwada karɓar ragama kafin a fara amfani da tsarin, amma ta hanyar yanke layin sadarwa, kuma a wannan yanayin na biyun yana karɓa lafiya. Ba a gwada irin lalacewar da ta zo ranar 1 ga Oktoba ba. Gwajin ya amsa tambayar da aka yi masa da gaskiya. Tambayar ce ba ta cika ba.

Akwai kuma kashi na biyu na labarin wanda ya fi shafar shugabanni. Injiniyoyi sun samu nasarar mayar da aiki kan rumbu na biyu da hannu tun da safiyar, jim kaɗan bayan lokacin buɗe kasuwa. Amma dawo da ciniki yana buƙatar a sake kunna tsarin, wanda zai shafe odar da dillalai suka riga suka shigar tun da sassafe, kuma babu wata ƙa'ida da aka amince da ita tsakanin kasuwar da dillalan game da yadda za a yi a irin wannan hali. Hukumomin kasuwar suka ga rufewa ta fi buɗewa cikin ruɗani. A halin da suka samu kansu, hukuncin mai ma'ana ne. Laifin yana can baya: an yarda da taken ba ya tsayawa har aka manta a shirya yadda za a tashi idan an tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Japan ta umarci kasuwar da ta gyara tsarin aikinta. Daga baya aka kafa ƙa'idojin sake buɗe ciniki bayan tsayawa. A ranar 5 ga Nuwamba, 2024, aka ƙara minti 30 a lokacin ciniki, rufewa ta koma ƙarfe 3:30 na yamma maimakon ƙarfe 3, kuma cikin dalilan akwai samar da sararin da za a iya dawo da ciniki a rana guda idan matsala ta sake aukuwa.

Masu cewa a bar rumbun gaba ɗaya

Wasu za su ce duk wannan tsohon yayi ne. A yau akwai manhajoji irin su Ceph da vSAN da ke rarraba bayanai a kan fayafan sabobi masu yawa, kowane guntu da kwafi biyu ko uku, babu akwati guda da faɗuwarsa za ta kayar da kowa. Akwai kuma hayar ma'ajiya daga manyan kamfanonin intanet, inda wani ne ke ɗauke da ciwon kan. Ga ƙananan hukumomi da ba su da ƙwararrun ma'aikata ko tsayayyar wutar lantarki, sau da yawa wannan ce shawarar da ta fi.

Sai dai tambayoyin ba su ɓace ba, wuri suka sauya. Rarrabben tsari shi ma yana buƙatar rinjaye, yana buƙatar sanin wanda ke da izinin rubutu, kuma ya fi rumbun gargajiya dogaro da lafiyar layin sadarwa. A ranar 21 ga Afrilu, 2011, wani kuskure yayin sauya saitin layi a cibiyar Amazon da ke gabashin Amurka ya sa ɗimbin na'urorin ajiya suka rasa ganin kwafinsu. Da layin ya dawo sai duk suka ruga neman inda za su yi sabon kwafi a lokaci guda, har sarari ya ƙare tsarin ya cushe. An yi kwanaki ana gyara, kuma kamfanin da kansa ya ce kashi 0.07 cikin ɗari na ma'ajiyoyin yankin da abin ya shafa ba su dawo ba. Wanda ya yi haya ya sauke nauyin jona wayoyi, amma har yanzu shi zai zaɓi ko bayanansa na zaune a cibiya ɗaya ko biyu, kuma shi zai amsa tambayar jama'a ranar da suka ɓace.

Wasu kuma za su ce gwajin da ake kira a yi shi kansa haɗari ne, domin zare waya daga tsarin da ke aiki kamar tsokanar maciji ne. Gaskiya ne gwaji na iya tsayar da aiki. Amma tsayawar da aka zaɓar mata dare, aka sanar da jama'a, aka tara injiniyoyi da wakilin kamfanin da ya sayar da kayan, aka tanadi sabon kwafin bayanai, ba ɗaya take da wadda ta zaɓi lokacinta da kanta ba. Tsarin da ake tsoron gwadawa ya riga ya faɗi matsayinsa.

Abin da mai sa hannu ya kamata ya tambaya

Babban darakta ko shugaban sashen kuɗi ba ya buƙatar sanin yadda ake saita mahaɗar Fibre Channel. Abin da yake buƙata shi ne ya ƙi karɓar amsar da ta tsaya a kan cewa komai biyu ne. Ya tambaya yaushe aka yi gwajin karɓar ragama na ƙarshe, kuma wace irin lalacewa aka kwaikwaya: yanke layi kawai, ko har da kashe na'urar sarrafawa, da ɗauke wuta, da daskarewar da na'ura ke yi tana kunne amma ba ta amsawa. Ya tambaya ko katangewa tana kunne, idan kuma an kashe ta, wa ya kashe ta da izinin wa. Ya tambaya ko ana maimaita gwajin bayan kowace sabunta manhajar rumbu, tun da darasin Tokyo shi ne saitin da bai motsa ba yana iya sauya ma'ana. Ya tambaya wa ke karanta gargaɗin da na'urar ke fitarwa, da kuma inda aka ajiye kalmomin sirri da takardun farfaɗowa. Ya nemi a nuna masa ranar da aka dawo da bayanai daga kwafi da tsawon lokacin da aka ɗauka. Daga ƙarshe ya tambayi kansa: idan tsarin ya tsaya da ƙarfe 8 na safe ya dawo da ƙarfe 11, wa ke da ikon cewa a ci gaba, kuma me za a yi da ayyukan da suka maƙale a tsakani?

Ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba ya buƙatar sabon kasafi mai nauyi. Suna buƙatar lokaci, da rubutu, da shugaban da zai amince a tsayar da aiki na awa biyu a daren da aka tsara. Abin takaici shi ne sayen sabuwar na'ura ya fi sauƙin samun amincewa, domin ana ganin ta, ana ɗaukar hotonta ranar ƙaddamarwa. Gwajin da ya yi nasara kuwa ba ya barin komai sai layi ɗaya a rahoto.

Kasuwar Tokyo ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba, kuma kamfanin da ya gina mata tsarin ba baƙo ba ne a sana'ar. Duk da haka ta yi shekara biyar tana ciniki a kan madadin da ba zai tashi ba idan irin wannan lalacewa ta zo, ba ta sani ba sai ranar da ta buƙace shi. Duk hukumar da ke da saba biyu da rumbu a ɗaki mai sanyi, wadda ba ta taɓa kashe ɗaya da gangan ta ga abin da ɗayar za ta yi ba, a wannan matsayin take yau.